Kama da Wane Ba Ta Wane: Manhajoji Masu Buɗaɗɗen Tushe da Aikin Gane Mutum Ɗaya a Rajista Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da ake tsaftace bayanai da su, da waɗanda ake gane cewa layi kaza a wannan rajista da layi kaza a waccan duk mutum ɗaya suke nufi. Ta bi asalin dabarar tun daga 1946, ta bayyana yadda OpenRefine da Splink da dedupe suke aiki, sannan ta gwada ma'aunansu a kan sunayen Hausa. Matsayinta shi ne, babban amfanin waɗannan manhajoji yana ga damar da suke bayarwa a bincika hukuncinsu kuma a gyara shi, damar da masu sunayen Hausa suke matuƙar bukata.

Gabatarwa

A watan Janairun 2013 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da adadin mutanen da aka tabbatar an kashe a yaƙin Siriya daga Maris 2011 zuwa Nuwamba 2012: mutum 59,648. Babu wanda ya shiga fagen daga ya ƙirga gawawwaki. Abin da ke hannu shi ne jerin sunaye guda bakwai, mafi yawansu na ƙungiyoyin sa-ido, ɗaya na gwamnatin Siriya, ɗauke da rahoto 147,349 masu suna da rana da wurin mutuwa. Mamaci ɗaya kan fito a jeri uku ko huɗu, wani wuri da Larabci, wani wuri da haruffan boko, ranar mutuwarsa kuma ta goce da kwana ɗaya ko biyu. Masana ƙididdiga na ƙungiyar HRDAG, cikinsu har da Megan Price da Patrick Ball, su suka ɗauki nauyin warware wannan ƙulli. Mutane suka riƙa duba rahotanni biyu-biyu suna yanke hukunci, kwamfuta tana koyo daga hukuncinsu. A Agustan 2014 aka maimaita aikin da rahoto 318,910, suka tsaya a mutum 191,369.

Da an tara jerin kawai an haɗa lissafi, da adadin ya ninka gaskiya, kuma masu musun ta'asar sun sami abin kafa hujja. Da kuma an tsananta wajen haɗe sunaye masu kama, da an shafe wasu mamatan daga tarihi. Tsakanin waɗannan kurakurai biyu duk aikin yake gudana, ko a Siriya ne, ko a rajistar asibiti, ko a jerin manoman da za a raba wa taki.

Datti kafin a kai ga haɗawa

Masu wannan sana'a sun san cewa mafi yawan lokacinsu ba a lissafi mai zurfi yake tafiya ba, a shara yake tafiya. Kuma wani dattin kayan aikin ne da kansu suke zuba shi.

A tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon gwajin korona 15,841 da suka nuna an kamu ba su shiga alƙaluman Ingila a kan lokaci ba. A lokacin, hukumar lafiyar al'umma ta ƙasar tana zuba sakamakon ɗakunan gwaji ne a tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da fayil ya cika, sauran layukan sai su zube ba tare da wata ƙararrawa ta kaɗa ba. Dubban mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar aka makara wajen nemansu. Masana ƙwayoyin halitta su ma sun sha irin wannan: Excel kan ga sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 ko MARCH1 ya mai da shi kwanan wata. Wani bincike na 2016 ya gano wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗo jerin ƙwayoyin gado a fayil ɗin Excel. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya gwammace ya sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1.

Duk akawun da ya taɓa shigar da lambar waya ko lambar asusun banki a Najeriya ya ga ƙanin wannan matsala: sifirin farko yakan ɓace, lambar waya mai alƙaluma goma sha ɗaya ta koma goma. Ga kuma 03/04, wanda wani ya rubuta yana nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar da aka saita a kan tsarin Amurka ta karanta 4 ga Maris.

A nan OpenRefine yake shigowa. Kamfanin Metaweb ne ya fara gina shi da sunan Freebase Gridworks, a hannun David Huynh, aka buɗe tushensa a 2010. A wannan shekarar Google ya sayi kamfanin, manhajar ta koma Google Refine. A 2012 Google ya janye hannunsa. Da rufaffiyar manhaja ce, da nan labarinta ya ƙare. Da yake tushenta a buɗe yake, masu sa-kai suka ɗauke ta suka ci gaba da ita da sunan da take amsawa yau. Tana buɗewa ne a burauza, amma a kan kwamfutar mai aikin take gudana, bayanan ba sa fita zuwa rumbun wani kamfani, kuma tsaftacewar ba ta bukatar intanet. Ga ofishin da ke riƙe da sirrin marasa lafiya, ko wanda intanet ke yi wa wuya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi jan hankali a cikinta shi ne tara rubuce-rubuce masu kama wuri ɗaya. Hanyarta ta farko mai sauƙi ce: ta cire tazarar da ta yi yawa, ta mai da haruffa ƙanana, ta zubar da waƙafi da aya, ta jera kalmomin bisa abacada, sannan ta haɗa duk waɗanda suka zama iri ɗaya. Wasu hanyoyin suna duba gutsattsarin haruffa ko kusancin rubutu. A gurbin sunayen ƙananan hukumomi, cikin 'yan mintuna za ta kawo "Dutsin-Ma" da "Dutsinma" da "DUTSIN MA" gaban mai aiki, ta tambaye shi wanne za a riƙe. Amma "B/Kudu" da "K/Namoda" da "T/Mafara", waɗanda ma'aikatan Arewa suke rubutawa kullum, sai wanda ya san ƙasar ne zai tabbatar mata da cewa Birnin Kudu da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara ake nufi. Idan kuwa aka rubuta "Dawaki" kawai a rajistar Kano, babu lissafin da zai raba Dawakin Tofa da Dawakin Kudu.

Abu na biyu, wanda mai wannan maƙala ya fi ba shi muhimmanci, shi ne OpenRefine yana ajiye tarihin kowane gyara da aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Ana iya komawa baya, ana iya fitar da jerin matakan a miƙa wa wani ya duba, ana iya ɗora su a kan fayil ɗin wata mai zuwa. Gyaran da aka yi da hannu a Excel kuwa, da mai shi ya bar aiki ya tafi da saninsa.

Daga Dunn zuwa Fellegi da Sunter

A 1946 Halbert Dunn, shugaban ofishin ƙididdigar haihuwa da mutuwa na Amurka, ya rubuta maƙalar da ta raɗa wa fannin suna, inda ya kwatanta rayuwar mutum da littafin da shafukansa suka warwatsu a ofisoshi daban-daban. A 1959 Howard Newcombe da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa kwamfuta za ta iya haɗa rajistar aure da ta haihuwa a lardin British Columbia. Fahimtar da Newcombe ya kawo ita ce har yau ake cin gajiyarta: dacewar suna mai wuyar samu ta fi dacewar suna gama-gari ƙarfin shaida. Shekara goma bayan haka, a 1969, Ivan Fellegi da Alan Sunter na hukumar ƙididdigar Kanada suka ɗora wannan fahimta a kan tushen lissafi.

Tsarin nasu bai fi ƙarfin mai karatu ba. A kowane gurbi, suna ne ko jinsi ko ranar haihuwa, tambaya biyu ake yi. Ta farko: idan layukan nan biyu na mutum ɗaya ne, sau nawa wannan gurbi yake dacewa? Ta biyu: idan na baƙi biyu ne da aka tsinto haka kawai, sau nawa yake dacewa bisa katari? A ɗauki watan haihuwa. A ce a rajistar mutum ɗaya yana dacewa sau 95 cikin 100, sauran kuskuren alƙalami ne. Tsakanin baƙi kuwa sau ɗaya cikin 12 zai dace, tunda watanni sha biyu ne. Dacewarsa ke nan ta ninka yiwuwar cewa mutum ɗaya ne kusan sau 11. Jinsi kuma, rabin baƙi ma sun dace a kansa, don haka dacewarsa ninki biyu kawai take bayarwa. Amma in ya saɓa, shaida ce mai nauyi cewa mutane biyu ne. Haka za a bi gurabe duka a tara maki. Wanda makinsa ya haura iyakar sama an haɗa shi, wanda ya gaza iyakar ƙasa an raba shi, na tsakiya kuma a miƙa wa ɗan'adam ya duba da idonsa. Fellegi da Sunter tun farko sun bar wa mutum kujerarsa a cikin tsarin.

Sai matsalar yawa. Rajista mai layi miliyan ɗaya, in za a gwada kowane layi da kowane, gwaji kusan biliyan 500 ke nan. Saboda haka ake fara kasa layukan gida-gida, a gwada waɗanda suka yi tarayya a wani abu kaɗai, misali shekarar haihuwa da ƙaramar hukuma. Haɗarin a fili yake: wanda aka rubuta shekararsa ba daidai ba ya faɗa wani gida, ba zai taɓa gamuwa da takwaran layinsa ba. Maganin shi ne a kasa sau da yawa da ƙa'idoji mabambanta, abin da ya kuɓuce wa wannan, wancan ya kama shi.

Kayan aikin da ke hannu

Shekaru da dama, wanda ke son wannan aiki sai ya kasance cikin babbar hukumar ƙididdiga ko ya sayi manhaja mai tsada. A farkon shekarun 2000 Peter Christen na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da Tim Churches na ma'aikatar lafiyar jihar New South Wales suka saki manhajar Febrl kyauta. Daga baya Ted Enamorado da Ben Fifield da Kosuke Imai suka fitar da fastLink ga masu aiki da harshen kwamfuta na R, Jonathan de Bruin ya gina nasa kunshin na Python, Sonal Goyal a Indiya ta kafa Zingg domin manyan rumbunan kamfanoni.

Guda biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko dedupe ce, wadda Forest Gregg da Derek Eder na kamfanin DataMade a Chicago suka gina. Ita ba ta neman a tsara mata dokoki. Layi biyu take nunawa a allo ta tambaya: ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, ko ba tabbas? Kuma waɗanda suka fi ruɗa ta take zaɓowa, don ta koyi abu mai yawa daga amsa kaɗan. Ma'anar wannan ita ce, sanin wanda ke zaune gaban allon shi ke zama sanin manhajar. Idan ya san Binta ita ce Fatima, akwai abin da za ta iya ɗauka daga hukuncinsa; idan bai sani ba, jahilcinsa za ta koya ta yaɗa shi a kan layi dubu ɗari.

Ta biyu Splink ce, daga Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Robin Linacre. Damuwarsu ita ce kotunan majistare da manyan kotuna da gidajen yari da sashen sa-ido kan waɗanda aka saki kowanne da nasa rumbun, babu lamba ɗaya da ke bin mutum daga wannan zuwa wancan. Tambaya mai sauƙi kamar mutum nawa ne suke komawa kotu sau da yawa ba ta amsuwa sai an haɗa su. Suka gina Splink a kan tsarin Fellegi da Sunter a cikin shirin Data First, suka sake ta da lasisin MIT, wanda ya ba kowa izinin amfani da gyarawa. Ita da kanta take ƙiyasta amsar tambayoyin nan biyu daga bayanan, ba sai an kawo mata misalan da aka riga aka yanke wa hukunci ba. Tun fitowar zubi na uku a 2022 tana gudana a kan manhajar rumbun bayanai ta DuckDB, kuma masu ita sun ce tana haɗa layi miliyan ɗaya a kwamfutar tafi-da-gidanka cikin kusan minti guda. Tana rage makin suna gwargwadon yawansa a rajista. Sannan ga kowane layi biyu da ta haɗa, tana zana hoton da ke nuna maki nawa suna ya kawo, nawa ranar haihuwa ta ƙara, nawa adireshi ya rage. Mutumin da aka cire daga jerin albashi ko na tallafi bisa zargin ya shiga sau biyu yana da haƙƙin a nuna masa dalili, kuma wannan hoto dalili ne da ɗan'adam zai iya karantawa ya ƙalubalanta.

Inda sunayen Hausa suke ba ma'auni wahala

Duk waɗannan manhajoji suna dogara ne da ma'aunan kamannin suna, kuma kowane ma'auni yana ɗauke da ƙurar garin da aka ƙera shi. Soundex, wanda Robert Russell ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1918, yana riƙe harafin farko, ya zubar da wasula, ya mai da baƙaƙe lambobi uku. Ma'aunin Levenshtein na 1965 yana ƙirga haruffa nawa za a sauya kafin wannan kalma ta zama waccan. Na Jaro da Winkler, daga hukumar ƙidayar Amurka a 1989 da 1990, yana ƙara maki idan farkon sunayen ya dace.

A gwada su. Soundex zai ba Muhammad da Mohammed da Mahamadou lamba ɗaya, M530, kuma ya yi daidai. Amma Mamman zai koma M550, ya rabu da su. Usman zai zama U255, Ousmane na Maraɗi ko Damagaram ya zama O255. Harafin farko kaɗai ya raba mutum da kansa don ya tsallaka iyaka an rubuta sunansa da ƙa'idar Faransanci. Musa da Mu'azu kuwa, mutane biyu daban, duk M200 ne.

Mafi muni shi ne tagwaye. Hasan da Husaini, Hasana da Husaina, dukkansu H250 ne a Soundex. Ubansu ɗaya, don haka suna na biyu ɗaya ne. Ranar haihuwa ɗaya, gida ɗaya, lambar wayar mahaifi ɗaya, kuma rana ɗaya aka kai su rigakafi. Kowane gurbi yana shaida cewa yaro ɗaya ne aka rubuta sau biyu. Idan manhaja ta haɗe su, katin ɗaya zai nuna an yi allurar da ba a yi masa ba, ko ɗaya ya ɓace daga jerin masu cin abincin makaranta. Tagwaye suna wahalar da masu wannan aiki a ko'ina cikin duniya, amma a ƙasar da al'ada ta tanadar musu sunaye masu baƙaƙe iri ɗaya, wahalar ta ninku. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ta ɗaya gefen kuma akwai mutum ɗaya mai sunaye da rubutunsu ya yi nisa da juna. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Umar kan zama Sanda, Usman ya zama Shehu, A'isha ta zama Indo, Hauwa'u ta zama Kulu, Khadija ta zama Dije. Yarinyar da aka rubuta Kulu a katin asibiti, a makaranta aka rubuta Hauwa'u, babu ma'aunin haruffa a duniya da zai haɗa ta. Levenshtein zai ce Amina da Aminu harafi ɗaya ya raba su, Sani da Sadi ma haka, alhali Garba da Abubakar sun yi hannun riga.

Gurbin "sunan iyali" shi kansa baƙo ne. Wani sunan mahaifinsa yake sawa, wani na kakansa, wani na garinsu, kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutum ɗaya zai iya sa na mahaifi a firamare, na gari a jami'a. Mace kan sauya sunan mahaifi da na miji bayan aure. Sannan ga abin da ke mai da dabarar OpenRefine ta jera kalmomi bisa abacada tarko idan aka ɗora ta a kan sunayen mutane: Musa Ibrahim ya haifi ɗa ya mayar da sunan mahaifinsa, yaron ya zama Ibrahim Musa. Uba da ɗa ne a gida ɗaya, manhaja kuma za ta kawo su a matsayin suna ɗaya da aka juya. Wanda ya danna "haɗa duka" ba tare da dubawa ba ya shafe ɗayansu.

Ranar haihuwa, wadda a Turai ita ce ginshiƙin haɗa rajista, a nan sai an yi hattara da ita. Dattawa da yawa ba a rubuta haihuwarsu ba, sai aka ba su 1 ga Janairu. A takardun Nijar akan rubuta cewa an haifi mutum "wajen" shekara kaza. Muhammad Sani biyu da aka ba 1 ga Janairun shekara ɗaya ba su zama mutum ɗaya ba. A Splink ana iya rage makin wannan rana kamar yadda ake rage na suna gama-gari, amma sai mai aikin ya san da matsalar ya umarce ta. Haruffa masu ƙugiya ma suna da tasu: a tsarin Unicode, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, ba k da d da b da aka ɗora wa alama ba, don haka hanyar da aka saba bi wajen cire alamomin Faransanci ba ta taɓa su. Ɗanladi da Danladi za su zauna a matsayin sunaye biyu sai an ƙara ƙa'ida da hannu.

Wanda kuskure yake faɗa wa

Inda akwai lamba ɗaya tak ga kowane mutum, aikin yana da sauƙi. A Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta Najeriya ta sanar da cire ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin albashin tarayya bayan an gwada shi da lambar BVN, abin da ta ce ya rage Naira biliyan 2.29 a wata. A 2022 hukumar zaɓe ta soke sabbin rajista 2,780,756 bayan tantance zanen yatsa da fuska. Amma rajistar ɗaliban firamare, da katin awon ciki, da jerin 'yan gudun hijira, da tsofaffin kundayen filaye, galibinsu suna da gari da shekaru kawai suke ɗauke da su. A can ne ma'aunan da aka bayyana a sama suke yanke hukunci.

Amurka ta ba da darasin abin da ke faruwa idan aka yi sakaci. Shirin Crosscheck, wanda jihar Kansas ta jagoranta, ya riƙa gwada rajistar masu zaɓe na jihohi da suna na farko da na ƙarshe da ranar haihuwa, don kama masu zaɓe sau biyu. Sharad Goel da abokan bincikensa sun lissafa cewa ɗaya daga hanyoyin sharar da shirin ya ba da shawara za ta iya hana halastattun rajista kusan 300 domin tare ƙuri'ar bogi guda ɗaya. Dalilin lissafi ne tsagwaronsa: cikin mutum 23 kacal, yiwuwar biyu su yi tarayya a ranar haihuwa ta haura rabi, balle cikin miliyoyi masu sunaye gama-gari. An dakatar da shirin a 2019. Mai karatu ya auna abin da irin wannan ƙa'ida za ta yi a jihar da Muhammad da Abubakar da Ibrahim suka cika kowane aji.

Akwai kuma haɗarin nasara. Latanya Sweeney ta nuna cewa lambar yankin gidan waya da jinsi da ranar haihuwa sun isa su ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya-ɗaya, kuma ta gano bayanan asibitin gwamnan Massachusetts William Weld ta hanyar haɗa rajistar lafiya da aka cire wa sunaye da rajistar masu zaɓe. Manhajar da ke haɗa katin rigakafi da rajistar haihuwa ita ce dai za ta haɗa rajistar masu cutar da ake ƙyama da jerin ma'aikata. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan aiki kai tsaye, kuma kyautar manhaja ba ta zama izinin haɗa duk abin da aka ga dama ba.

Wata hanya daga Tanzaniya ta cancanci a yi nazarinta. A Kisesa da ke yankin Mwanza, Christopher Rentsch da abokan aikinsa sun gina manhaja mai buɗaɗɗen tushe mai suna PIRL don haɗa rajistar asibiti da ta ƙidayar mazauna yankin. Lissafin na Fellegi da Sunter ne, amma ana yin sa ne mai zuwa asibitin yana zaune, bayan ya ba da izini. Manhaja ta kawo jerin waɗanda suka fi kama da shi, ma'aikaci ya tambaye shi sunayen mutanen gidansu da na shugaban gidaje goma na unguwarsu, shi da bakinsa ya tabbatar. Tambayar "ɗan gidan wa ne, wane ne mai unguwarku" ta fi ranar haihuwar da aka ƙaga ƙarfi, kuma fom ɗin da ake bugawa a Arewa zai iya tanadar mata gurbi.

Abin da sassan harsuna da na kwamfuta za su iya ginawa

Splink tana barin mai aiki ya rubuta nasa matakin gwaji, OpenRefine tana karɓar ƙa'idojin sauya rubutu, dedupe tana karɓar sabbin nau'o'in gurbi. Ƙofar a buɗe take. Abin zubawa ne ya rage. A Turanci akwai jerin laƙabobi a GitHub da ke gaya wa kwamfuta cewa Bill shi ne William. Irinsa na Hausa aiki ne da sashen Hausa da sashen kimiyyar kwamfuta na jami'a ɗaya za su iya haɗa hannu a kansa: kowane suna da rassansa, da rubutunsa na Najeriya da na Nijar, da ƙarfin dangantakar, domin Garba kusan kullum Abubakar ne, amma ba kowane Shehu ne Usman ba. A gefensa a ajiye jerin sunayen da ba a yarda a haɗe ba komai kamanninsu, Hasan da Husaini a sahun farko, da jerin laƙabobin girmamawa da za a ware kafin gwaji, irin su Alh. da Mal. da Haj. da Elhadj.

Sai bayanan gwaji. Rajistocin ƙage da suka zo da Febrl, waɗanda ɗalibai a ƙasashe da dama suke koyon aikin da su, sunaye da unguwannin Ostireliya ne a ciki. Manhajar da ta ci jarrabawa a kansu ba ta nuna abin da za ta yi a rajistar Gusau ko Tawa ba. Ana bukatar rajistar ƙage ta Hausa, wadda babu mutumin gaske ko ɗaya a cikinta, amma aka dasa mata tagwaye, da jikoki masu sunan kakanni, da matan da suka sauya suna bayan aure, da dattawan 1 ga Janairu, da lambobin waya marasa sifiri, tare da amsar da aka riga aka sani. Da ita ne ofishi zai iya ƙirga mutum nawa saitinsa ya haɗe bisa kuskure da mutum nawa ya raba, kafin ya ɗora shi a kan jerin albashi ko na tallafi.